Marwa: yadda sunan dutse ya zama sunan yanka

Ranar da matar ƙanena ta sauka a Jidda, ta haifi tagwaye mata, ba a kai ga sayen raguna ba sai da aka kai ruwa rana a kan suna. Mahaifiyarmu, wadda ta shigo ƙasar nan goye a bayan uwarta ta jirgin ruwa daga Sawakin, ba ta ga abin shawara a ciki ba. A wurinta tagwaye da sunansu suke zuwa tun daga ciki: Hassana da Usaina. Shi kuwa uban 'ya'yan ya riga ya gama magana da zuciyarsa, Safa da Marwa yake so. Da ya faɗa, sai Hajiya ta ajiye carbi ta dube shi.

"Kai yanzu sunayen bayin Allah ne suka ƙare, da za ka koma kan duwatsu? Kuma ka rasa abin da za ka laƙaba wa 'ya'yan mutane sai kai-komo?"

Kowa ya yi dariya, amma maganar ba ta banza ba ce. Abu biyu ta taɓo, kuma duk mai son gane yadda sunan Marwa ya cika gidajen Hausawan Makka da Jidda da Madina, har ya haura ya kama Kano da Damagaram, sai ya bi ta kansu. Na farko, Marwa sunan wuri ne, alhali sunan yanka a wurin Bahaushe gadon mutane ne. Na biyu, kalmar ta riga ta shiga Hausa da wata ma'ana tun kafin a fara kiran yarinya da ita.

A fara da dutsen. A Larabci, marwu wani farin dutse ne mai tauri da ƙyalli, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, wanda mu muke ce wa ƙanƙara. Ƙwaya ɗaya daga cikinsa ita ce marwa. Larabawan dauri har yanka sukan yi da kaifinsa in babu wuƙa a kusa. Safa kuma falalen dutse ne mai santsi wanda ƙasa ba ta zama a kansa. Ke nan babu wani sirri a sunayen tsaunukan nan biyu, siffar kowanne aka kira shi da ita. Safa tana gindin dutsen Abu Ƙubais, Marwa tana gindin Ƙu'aiƙi'an, kwarin Makka ya ratsa tsakaninsu.

Abin da ya ɗaga su labarin Nana Hajara ne, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Annabi Ibrahim (AS) ya ajiye ta da jaririnta Isma'il a kwarin da babu shuka babu rijiya, ya bar musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Da ruwan ya ƙare, yaro ya shiga murƙususu don ƙishi, sai ta hau Safa, tsaunin da ya fi kusa, ko za ta hango wani. Ba ta ga kowa ba. Ta sauko, da ta iso cikin kwarin ta tattare tufarta ta ruga, ta hau Marwa. Sau bakwai tana yi. A kan Marwa ne, a zuwan ƙarshe, ta ji sautin da ya zama mafarin Zamzam.

Alƙur'ani bai ambaci Hajara da suna ba, mace ɗaya tak ya kira da sunanta, ita ce Maryam. Amma tsaunukan da Hajara ta yi gudu a tsakaninsu ya kira su da suna a aya ta 158 cikin Baƙara, inda ya ce suna daga cikin alamomin addinin Allah, kuma nan kaɗai kalmar Marwa ta zo a cikinsa. Malaman tafsiri sun kawo cewa ayar ta sauka ne don ta cire wa wasu sahabbai ƙyanƙyamin wurin, domin a jahiliyya akwai gunki mai suna Isafu a kan Safa, da Na'ila a kan Marwa, waɗanda masu kai-komo suke shafa. Wurin da sai da aka saukar da aya kafin zukata su natsu da shi, shi ne yau ake raɗa wa jaririya a kunne.

Wanda ya san wurin sa'ayi, wato kai-komon da alhazai suke yi tsakanin tsaunukan biyu, a yanzu, da farin daɓensa da sanyin na'ura da koren fitilun da ke nuna inda maza za su yi sassarfa, da wuya ya yarda cewa a da titin kasuwa ne, shaguna dama da hagu, alhaji yana addu'a yana kauce wa masu talla. Sai a faɗaɗawar Saudiyya ta farko, wadda aka fara a 1955, aka shigar da shi cikin ginin Harami aka yi masa bene. A zamanin Sarki Abdullah aka ninka faɗinsa daga mita 20 zuwa 40. Tsawonsa kusan mita 400 ne, don haka bakwai ɗin ta tasam ma kilomita uku. Zuwa ɗaya ne, dawowa ɗaya ne, a fara a Safa a ƙare a Marwa. A nan mai umara yake yin aski ko saisaye ya kwance harama, shi ya sa shagunan masu aski suka yi dandazo a wajen ƙofar Marwa.

Ni a ganina wannan yana cikin abin da ya sa sunan ya yi wa iyaye mata daɗi. Marwa ita ce inda wahala take yankewa. Macen da ta daɗe tana neman haihuwa, ta yi ta roƙo a tsakanin tsaunukan nan har ƙafarta ta kumbura, in Allah ya ba ta mace ba sai an yi mata dogon bayani ba. Na san gidaje da dama da haka sunan ya shiga cikinsu, ta hanyar alkawarin da uwa ta yi wa kanta tana cikin sa'ayi.

Akwai ruɗani guda uku da ya kamata a warware, don sau da yawa masu sunan ma ba su san da su ba. Safa ta dutse daban take da Safa'u, wadda ke nufin tsarkaka da garau ɗin abu, 'yar'uwar Safiya. A rubutun Larabci ta biyun tana da hamza a ƙarshe, kuma da yawa daga cikin 'yan matan Larabawa da ake kira Safa wannan ta biyun suke amsawa, ba dutsen ba. Marwa ma wasu suna haɗa ta da muru'a, wato mutunci da kamun kai, saboda kamar rubutu, har ka ji ana ce wa yarinya ma'anar sunanta ke nan. Ba haka ba ne, kodayake ba wanda zai ƙi a yi wa 'yarsa wannan fata. Na ukun ita ce Muna da Mina. Rubutunsu ɗaya ne, amma Muna buri ce, Mina kuwa kwarin da alhazai suke kwana suna jifa. A kunnen Bahaushe ma Mina sai ta ƙara rikicewa, don ga taƙaicin Amina, ga kuma babban birnin jihar Neja.

To me ya sa Hajiya ta ji abin banbaraƙwai? Domin Bahaushe ɗaki biyu ya gina wa suna. Ɗakin farko na sunan yanka ne, wanda liman yake raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, a raba goro, maroƙi ya shelanta. Wannan ɗaki na mutane ne zalla: annabawa, sahabbai, matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa. A'ishatu, Faɗimatu, Hadizatu, Zainabu, Hauwa'u, Hafsatu, Asma'u, har ita Hajarar kanta. Kuma yawanci ba daga littafi ake ɗauko sunan ba, daga cikin gida ake ɗauko shi, a mayar da sunan kaka ko gwaggo, a yi wa wata takwara. Ɗaki na biyu na laƙabi ne, kuma nan ne Bahaushe yake sakin jiki ya ba da labarin haihuwar. Ranar da aka haife ki ta ba ki Ladi ko Talatu ko Asabe. Watan da kika zo ya ba ki Azumi ko Tasallah. Kin biyo maza, ke ce Kande ko Delu. Kin biyo tagwaye, ke ce Gambo. In da yarinya za ta ci sunan wuri a tsohon tsari, to a wannan ɗaki na biyu za ta ci shi, takardarta kuwa tana nan Faɗimatu.

Ba wai sunan gari baƙo ne a sunayenmu ba. Ya cika su ma, sai dai a wutsiya yake zama, kuma na maza ne. Da aka fara kai yara makarantun boko na kwana, kunyar faɗin sunan uba da yawan masu suna iri ɗaya suka sa aka riƙa bambanta ɗalibai da garuruwansu. Haka aka samu Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari, Isa Kaita. Sardauna ma Ahmadu Raɓa ne a makaranta. Wannan sunan yana faɗin inda ka fito ne. Marwa kuwa tana gaba, ba ta baya ba, kuma ba asali take faɗa ba, inda zuciya ta karkata take faɗa. Babu wanda ya taɓa jin an yanka wa yarinya rago da sunan Dala ko Kufena, duk da girman da duwatsun nan suke da shi a tarihinmu.

Ƙofar da sunan wuri ya fara samu zuwa ɗakin yanka ta Aljanna ce. Firdausi ta daɗe a gidajenmu har mun manta cewa sunan wuri ne, ƙololuwar Aljanna. Kausar kogi ne a cikinta, Salsabil da Tasnim idanun ruwa ne, Rayyanu ƙofar masu azumi ce. Limamin da ya raɗa Firdausi bai ɗaga kai ba, ba shi da hujjar tsayawa in aka ce masa Marwa, tunda duka biyun a Alƙur'ani suke.

Sannan harshen kansa ya taimaka, ta hanyar da ba kowa yake lura ba. A Hausa kowane gari mace ne. Kano ce, ba Kano ne ba. Kano ta Dabo, Katsina ta Korau, Makka mai nisa ce. Har labaran kafuwar garuruwanmu suna jingina wasu ga mata, Daura ga Daurama, Zariya ga 'yar'uwar Sarauniya Amina. Ga shi kuma yawancin kalmomin mata a Hausa da wasalin "a" suke ƙarewa, kamar yadda sunayen mata na Larabci suke ƙarewa. Saboda haka Madina, Makka, Arafa, Marwa, Ɗaiba, duk sun zo da zanensu a ɗaure, ba sai an yi musu kwaskwarima ba. Namiji kuwa sai an ƙara masa wutsiyar jingina kafin sunan ya zauna masa: Makki, Madani, Hijazi. Arafat dai ya tsallake wannan a tsakanin maza, shi ma da taimakon shaharar Yasir Arafat na Falasɗinu.

Amma duk wannan share fage ne. Ainihin inda al'adar ta kama mu, a hanya ne, kuma hanyar nan Sudan ce. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhaji daga ƙasar Hausa da ƙafa yake tasowa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota. Ya bi ta Barno, ya haye zuwa Fort Lami wadda yanzu ake kira Njamena, ya ratsa Abeshe, ya shiga Darfur ta Janaina, ya kai El Obeid inda layin dogo yake, daga nan Kosti da Sinnar har bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce, ba ta watanni ba. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙodago, musamman bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira masu neman hannu. A hanyar ake aure, a hanyar ake haihuwa, a hanyar ake binne iyaye. Wasu sun iso Makka da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Hausa ba, wasu kuma suka zauna a Gadarif da Kasala da bakin Shuɗin Nilu, jikokinsu suna can har yau. Larabawa suka kira su Takarir, daga tsohuwar daular Takrur ta kogin Sanagal, abin da ya zama Takari a bakinmu.

Su kuwa mutanen Sudan sun daɗe da sa wa 'ya'yansu sunayen wurare masu tsarki. Madina, Makka, Arafa, Haram, duk sunayen mata ne da za ka tarar a bakin tsofaffinsu, Makki da Makkawi da Madani kuma na maza. Babban birnin Jazira ma, Wad Madani, ma'anarsa ɗan Madani: birnin Annabi ya ba mutum suna, mutumin kuma ya ba wani birni. Mu ma muna da irin wannan juyi a can. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa gari kusa da Sinnar. Garin nan sunansa Mai Wurno har gobe. Wurno ta ƙasar Sakkwato ta hau kan mutum, mutumin ya sauke ta a bakin Nilu. Mutanen da suka yi rayuwa haka, suna ɗauke da sunan inda suka baro suna fuskantar inda ba su kai ba, ba abin mamaki ba ne su ga dacewar kiran 'yarsu Madina. Zama da maɗaukin kanwa ne ya fara kawo farin kan, begen wurin ya ƙarasa.

Madina da Makka sunayen kakanni ne. Marwa da Safa na zamanin jikoki ne, lokacin da rediyo da talabijin da malaman makaranta 'yan Masar suka baza sunayen birni gajeru a duk ƙasashen Larabawa. Abin bai tsaya a Larabawa ba, Turkawa ma sun rungume shi suna cewa Merve. To amma me ya ɗauke sunan daga ɗakin laƙabi ya kai shi ɗakin yanka a wurin Hausawan nan? Takarda ce. A Sudan da Saudiyya duka, sunan hukuma hawa huɗu ne: naka, na ubanka, na kakanka, sai na kakan uba ko na dangi. Gurbi ɗaya tak aka ba ka. Babu inda za a rubuta cewa sunanta Faɗimatu amma Marwa ake kira. Abin da ke kan takardar haihuwa shi zai hau iƙama, wato takardar izinin zama, shi malama za ta kira a aji, shi za a rubuta a katin asibiti. Ɗakuna biyun nan suka haɗe suka zama ɗaya, sai uba ya tsaya ya zaɓa, kuma sau da yawa ya zaɓi wanda ba zai sa a waiwayo a kalli 'yarsa ba.

Nan ne wurin da maganar take da ɗaci, kuma ba na son in tsallake shi. Wanda ya tashi a Sharamansur ko Hindawiyya a Makka, ko a Karantina da Sabil a Jidda kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share su, ya san yadda kalmar Takaruni take fita daga bakin wasu yara, ya kuma san abin da ke biyo baya in malama ta yi tuntuɓe a kan Talatu ko Kande a gaban aji. A Sudan ma batun wane ne ɗan ƙasa ya daɗe yana bin Hausawa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar mutanen Mai Wurno a waje, tunda bayan Burmi suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya nuna cewa tambayar ba ta mutu ba. A irin wannan zama, suna ba ado ba ne kawai. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Marwa tana da wani alheri a nan da sauran sunayen yayi ba su da shi: ba ta wata ƙabila ba ce. Ba wanda zai ce wa Bahaushiya ta ari sunan Larabawan Najadu ko na Ja'aliyyin Sudan, domin dutsen na duk wanda ya yi sa'ayi ne.

Abin sha'awa shi ne asalin bai ɓace ba, wutsiya ya koma, inda dama Bahaushe ya saba ajiye shi. Hausawi, Barnawi, Fallata, duk sunayen dangi ne sanannu a Hijaz. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan baya uku na Saudiyya Hausawi suke amsawa, Usama wanda shi ne kyaftin, da Umar, da Mu'utaz. Sai ka tarar da yarinya sunanta ya fara da Marwa ya ƙare da Hausawi, Makka a kai, ƙasar Hausa a ƙafa. Waɗannan su ne waɗanda kakanninsu suka samu takardar ƙasa tun da wuri. Ga sauran kuwa, haihuwa a Saudiyya ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Yarinya za ta iya buɗe ido a Makka, ta girma tana hango hasumiyoyin Harami daga rufin gidansu, ran da iƙamar ubanta ta mutu a sa ta a jirgi zuwa Kanon da ba ta taɓa gani ba. Na sha ganin haka. Abin da take sauka da shi na garin haihuwarta, wanda ba mai karɓewa a filin jirgi, shi ne Larabcin bakinta da sunan nan.

Ta wannan hanyar ma sunan ya ƙara yaɗuwa a gida. Waɗanda suka koma, da 'yan kasuwa masu jigilar umara, da ɗalibai daga Madina da Khartum, su suka kai shi, littattafan soyayya da finafinai suka ƙara masa farin jini. Sai dai a Najeriya da Nijar, inda ɗakuna biyun suke nan daram, ta ƙofar alkunya ya fi shiga. An mayar da sunan surukuwa, uwar yarinya ba za ta iya buɗe baki ta kira shi ba, a da sai ta ce Ummi ko Mama ko Iya, yanzu sai ta ce Marwa ko Afnan ko Ilham. Ga kuma sauƙin faɗa. Bakin Bahaushe ya mai da Khadija Hadiza da Dije, ya mai da Usman Mani, ya tauna Abdullahi har ya zama Audu. Marwa ba ta da harafin maƙogwaro ko ɗaya, yadda Balarabe ya faɗe ta haka mutumin Gumel zai faɗe ta.

Saura ƙorafin Hajiya na biyu, wanda shi ne ya fi zama namu. Alhazan da suka dawo da labarin sa'ayi sun bar wa Hausa wata karin magana: yana ta safa da marwa. Mai jiran matarsa a ƙofar ɗakin haihuwa safa da marwa yake yi, mai bin bashi ma haka, wanda hankalinsa ya tashi ya kasa zama ma haka. Balarabe in ya ji Safa da Marwa, Harami yake gani. Bahaushe yana ganin Harami, amma yana kuma ganin mutum yana zarya a tsakar gida hannu a baya. Tsohuwar da ta yarda cewa suna linzami ne ba za ta so a ɗaura wa jikokinta rashin zama ba. Ita Safa ma tana da ƙarin kaya, domin a Hausa safa ita ce ta ƙafa da ta hannu, ita ce kuma doguwar motar fasinja. Shi ya sa in ba a tagwaye ba, ba kasafai Bahaushe yake zaɓen Safa ita kaɗai ba, Marwa ce take tafiya ba rakiya. Ita ɗin ma ba ta tsira sarai ba: ga birnin Marwa na arewacin Kamaru, ga kuma Keke Marwa na Legas, mai ƙafa uku, wanda ya ci sunan Buba Marwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. A Jidda kuwa, inda unguwar Safa take maƙwabtaka da unguwar Marwa, ba wuya ka ji an ce Marwa ta tashi daga Safa ta koma Marwa.

Ta fuskar shari'a maganar ba ta da tsawo. Asalin suna halas ne matuƙar ma'anarsa ba ta munana ba, ba ta bautar da mutum ga wanin Allah ba, ba ta kuma zama yabon kai ba. Annabi (SAW) ya canza sunaye a kan waɗannan dalilai, kamar Barra da ya mayar Zainab. Su kansu Larabawa sun saba da sunan dutse, ga Sakhru, sunan Abu Sufyan na yanka, ma'anarsa dutse. Don haka Marwa ba laifi. Amma ba ta da wata falala ta musamman da aka ruwaito, kuma mai cewa sunan zai ja yarinya zuwa Makka fata yake yi, ba hadisi yake karantawa ba.

Abin da ni yake damuna ba shigowar Marwa ba ne, fitar su Ladi ne. Laƙabin gargajiya yana ɗauke da labarin yarinyar kanta, ranar da ta zo, wa ta biyo, halin da gida yake ciki. Marwa tana ɗauke da babban labari, amma na kowa ne. A gidajenmu na nan, inda jikoki da yawa Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci, ɗakin laƙabi ya kusa zama kango, sai tsofaffi ne suke leƙa shi. Sai dai kuma in za a yi adalci, Hassana da Usainan da Hajiya take karewa su ma ƙirƙira ce ta wani zamani. Hasan da Husaini jikokin Annabi (SAW) ba tagwaye ba ne, akwai kusan shekara a tsakaninsu, mu ne muka mai da sunayensu na 'yan biyu har muka yi musu na mata.

A gidanmu dai raba gardama aka yi. Takardar asibiti ta fito da Safa da Marwa, haka aka raɗa, haka malamansu suke kira. Hajiya kuwa ba ta taɓa furta su ba, Hassana da Usaina take cewa, kuma suna amsawa da gudu, don a ɗakinta alewa take. Bayan shekara uku aka sake haihuwar mace. Uban ya zo da murmushinsa ya ce ai bayan Safa da Marwa ba abin da ke biyowa sai Zamzam.

"Ka rubuta abin da ka ga dama," in ji Hajiya, tana miƙa hannu. "Miƙo min Gambo in gani."